Masu mayar wa inji haƙori

Duk wanda ya taɓa riƙe sifana ya san wannan lokacin. Kana ɗaure noti, yana ta ƙara tauri a hannunka yadda ya kamata, ka ce bari in ƙara masa kaɗan don ya zauna daram, sai kawai ka ji hannunka ya tafi. Notin yana juyawa, amma ya daina kamawa. In ka zaro shi za ka ga wani siririn ƙarfe mai ƙyalli ya nannaɗe a jikinsa. Haƙoran ramin ne suka biyo shi waje. Makanikai sai su ce ramin ya cinye, kuma ba a cika faɗin wannan magana da ƙarfi ba idan mai mota yana kusa.

Abin da ya tafi ɗin 'yan layukan ƙarfe ne da zurfinsu bai kai milimita guda ba, amma ya danganta da inda suke. In ramin buji ne, wato fulogi, wata rana inji zai tofar da bujin ana tsakiyar tafiya. In na notin juyen baƙin mai ne, man zai riƙa ɗiga har ranar da inji zai kafe. In kuwa ɗaya daga cikin manyan notunan da ke danne kan inji ne, abin da masu garaji a Nijar ke kira kulas, to ruwa da mai da hayaƙi za su fara shiga gonar juna, mota ta riƙa zafi a rasa dalili.

A Yamai ko Kano wannan ɓacin ran yini guda ne. A N'Guelbély wata magana ce daban. Garin na cikin gundumar Maine-Soroa a jihar Diffa, ƙasar makiyaya, arewa da kwaltar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Gure da Gudumariya da Maine, ta shiga Diffa ta zarce N'Guigmi. Da ka sauka daga kwaltar sai rairayi da tuddai da kwaruruka masu goruba. Motar da ke iya wannan hanya ita ce Land Cruiser a-kori-kura da ƙanwarta Hilux, a loda musu buhunan gero da jarkoki da awaki, mutane su hau bisa kaya. An rage iskar tayu, direba na tafe da ƙaramin giya, inji na kuka tun hantsi har azahar. Motar da ta mutu a can ba jan ta ake yi zuwa garaji ba. Kwance abin da ya lalace ake yi, a naɗe a buhu, a ba wata mota ta kai Maine ko Diffa, mai motar ya zauna zaman jira.

Ita Diffa ɗin ma ba kusa take da kasuwar kayan gyara ba. Tsakaninta da Yamai ya haura kilomita 1,300, Damagaram kuma ta fi 450. Kayan mota daga Damagaram suke zuwa, ko daga Najeriya, Maiduguri da Kano, inda Ƙofar Ruwa ta yi suna wajen kayan mota na hannu. Kafin a samo wani kulas a kawo, kasuwa biyu ta ci ba tare da motar ba. Saboda haka ba a jefar da ƙarfe don rami ya cinye. Gyarawa ake yi, kuma akwai masu cin abinci da wannan gyara.

Ba sana'a ce da ake rubutawa a ƙofar shago ba. Tana hannun mutum iri biyu: tsohon makanike da ya tara ƙarafan yanka haƙori a tsawon rayuwarsa, da mai injin sassaƙa ƙarfe, wanda ake kai wa abin da ya gagari kowa. Mafi yawan masu kawo masa aiki makanikai ne 'yan'uwansa, ba masu mota ba. Shi ya sa ya san asirin kowane garaji a gari. Ya san wane ne yaransa ke da nauyin hannu, ya san wane ne ke cewa mai mota "haka na same shi" alhali a hannunsa abin ya faru.

Gama hannu ne ke cinye rami, ba hanya ba, ko da yake direbobi ba sa son jin haka. Direban daji ya taɓa ganin noti ya kwance masa a inda ba kowa sai tsuntsaye, don haka in ana ɗaure masa sai ya tsaya a kan yaro yana "ƙara, ƙara dai". Yaro ya zura bututu a wutsiyar sifana, ya taka da ƙafa. A tsohon injin dizal na Land Cruiser, 1HZ mai silinda shida, wanda jikinsa da kansa duka baƙin ƙarfen zubi ne, sau da yawa ana tsira da wannan ganganci. Injunan fetur kuwa, irin 1FZ ko na Hilux, kansu alminiyam ne, haka ma kan Peugeot 504 da masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta cika ƙasashen nan da ita. Noti ƙarfe ne, rami alminiyam. In gardama ta kaure tsakaninsu, mai laushin ne ke shan kashi. Kuma nauyin ba ya rabuwa daidai a kan haƙoran: na farko shi kaɗai yana ɗaukar kusan kashi ɗaya cikin uku, uku na farko su ɗauki kusan kashi uku cikin huɗu. Da na farko ya sare sai nauyinsa ya koma kan na biyu, haka za su bi juna har ƙasa. Ka'idar aikin ita ce, a ƙarfe in noti ya shiga zurfin kaurinsa sau ɗaya ya wadatar, a alminiyam sai sau biyu. Wanda ya ɗauki gajeren noti ya sa a dogon rami ya ɗora wa haƙora huɗu aikin goma.

Sai kuma gwangwanin notuna. Kowane garaji yana da shi, cike da abin da aka cire daga motocin da suka riga suka mutu. Noti mai kaurin milimita 10 na motar Turai yawanci tazarar haƙoransa milimita 1.5 ce, na motar Japan kuwa 1.25. A ido ba bambanci. Zai shiga zagaye biyu ya cije, yaro ya ɗauka tsatsa ce, ya miƙa hannu ya ɗauko sifana. Peugeot kuma tana da nata noti mai milimita 7, kansa lamba 11, wanda bai yi 6 ba bai yi 8 ba. Tsohon hannu ya san in noti mai kauri 8 ya ci sifana 12 ɗan Japan ne, in 13 ɗan Turai ne, tun kafin ya dubi haƙoran. Tun 1841 Joseph Whitworth ya fito da ma'auni guda a Ingila don a daina wannan rikici, a 1864 William Sellers ya fito da na Amurka mai kusurwa daban, daga baya na milimita ya mamaye duniya. Duk jikokinsu suna kwance tare a gwangwani ɗaya a Diffa, har da na tsohuwar Land Rover da ba wanda ya tuna mai ita.

Sauran dalilan na ƙasar ne. Ana kwance buji inji na da zafi don fasinja na jira, alhali alminiyam mai zafi ya fi laushi. Rairayi na taruwa a gindin buji, a kwance ba a hure ba, ya zuba cikin haƙoran. Ana ɗura wa lagireto ruwan rijiya mai kanwa, shi kuwa yana cin alminiyam a hankali daga ciki.

Mota ce ta ba sana'ar suna, amma a bakin Komadugu injin ban-ruwa ne ke riƙe ta. Kogin, wanda ruwan Haɗejiya da na Jama'are ke haɗuwa su haifar, yana raba Nijar da Najeriya kafin ya faɗa Tafkin Chadi wajen Bosso, kuma a gaɓarsa ake noman tattasan da ya sa aka san Diffa a kasuwannin Najeriya. Kowane fage na da ɗan injinsa na fetur, Honda GX160 ko kwaikwayonsa na Sin, kai da jiki duk alminiyam. Manomi shi ne makaniken injinsa. Man da yake samu ba kullum yake da tsabta ba, buji ya yi baƙi, ya kwance ya goge ya mayar, yau da gobe. Littafin Honda cewa ya yi a murɗa buji da yatsu har ya zauna, sannan a ƙara rabin zagaye in sabo ne, in tsoho ne kwata ko rabin kwata. Ba na jin akwai gonar da wannan littafi ya taɓa isa.

Na ga an sauke irin wannan inji daga amalanke a wata rumfa a Diffa, wani dattijo na biye, bujin na ƙulle a bakin rawaninsa.

"Sannu da aiki, Malam. Tofar da shi ya yi jiya da la'asar, ga shuka na jin ƙishi."

"Sannu, Baba. Wa ya ɗaure shi na ƙarshe?"

"Yara."

"Kullum yara ne," in ji maigidan, ya karɓi bujin ya juya shi a rana. Ya nuna wa dattijon farin ƙarfen da ya cike tsakanin haƙoran. "Ka ga naman injinka nan."

Bai taɓa abin huji ba tukuna. Ya sa yaro ya kwance notuna huɗun da ke riƙe kan injin, aka wanke da fetur, ya leƙa ramin ta ciki da ta waje. Abin da yake nema shi ne ko da sauran haƙora masu rai. Wani lokaci na bakin ramin ne kaɗai suka kwanta saboda an sa buji a karkace. In haka ne, tsohon buji ake ɗauka a tsaga masa layi biyu ko uku da zarto, a shafa giris, a shigar da shi a hankali ya tayar da haƙoran da suka kwanta ba tare da ya yanke kome ba. Wannan shi ne gyara mafi arha, kuma mai gaskiya ne kaɗai ke fara gwada shi, domin kuɗinsa kaɗan ne. Na dattijon nan ya wuce nan. Ramin ya zama sumul.

Daga wata tsumma mai maiƙo ya warware taro, ƙarfen yanka haƙori, irin na buji mai hawa biyu: bakinsa siriri yana bin tsohon rami don ya riƙe saiti, bayansa mai kauri yana faɗaɗawa yana yanka sabo. Ya ɗiga kananzir. Rabin zagaye gaba, kwata baya don gutsattsarin ya karye, ya sake gaba. Bayan zagaye biyu ya tsaya, ya sunkuya ya hango ta gaba, ya zagaya ya hango ta gefe. Rumfar ta yi tsit, har yaron da ke surutu ya kama bakinsa. A zagaye biyun farkon nan ake cin aikin ko a faɗi, gama taro in ya fara a karkace ba ya miƙewa, kuma bujin da ya zauna a karkace washarsa ba za ta toshe ba, wuta za ta riƙa fita ta gefe har ta ƙone sabon gyaran. Da ya gama ya murɗa wani ɗan zobe mai haƙori ciki da waje a sabon ramin, ya daidaita bakinsa da wurin zaman buji, ya miƙa wa dattijon bujin.

"Baba, sa da hannunka. Ban da sifana."

Ya shiga har ƙarshe da yatsu uku.

Hanyoyin gyaran ba su da yawa, kuma abin da ke bambanta gwani da mai neman kuɗin cefane shi ne yawan ƙarfen da yake ci. Mafi sauƙi ita ce a faɗaɗa rami a sa noti na gaba da shi: na 6 ya koma 8, na 8 ya koma 10, na juyen mai na Toyota mai 12 ya koma 14. Lissafin ba wuya, a cire tazarar haƙori daga kaurin noti, abin da ya rage shi ne bakin hujin da za a sa. Na 8 mai tazarar 1.25 yana son 6.8, na 10 mai 1.5 yana son 8.5. Yana riƙewa, ba na musu. Amma dole a faɗaɗa hujin abin da notin ke ɗaurewa shi ma, an canja lambar sifana, makanike na gaba bai sani ba zai ɗauko noti na asali ya ga yana iyo. Mafi muni, bangon ramin ya ragu, kuma a kan inji bayan wannan bango sau da yawa hanyar ruwa ce ko ta mai. Ƙarfen da ke kewaye da rami jarin mai inji ne, ba na makanike ba. Kamar tela ne da yadin mutane, abin da almakashi ya ci ba ya komawa. A wurin da inji zai yi shekara ashirin yana aiki, ya ratsa hannun makanikai goma, ramin da aka gyara yau za a sake kawo shi wata rana, kuma gwani yana yanka ne da tunanin abin da zai bar wa mai gyara na gaba.

Shi ya sa na fi ganin darajar zoben waya, wanda ake kira da sunan kamfaninsa, Heli-Coil. Waya ce ta ƙarfen da ba ya tsatsa, an naɗe ta, bayanta na kama sabon haƙorin da aka yanka, cikinta na karɓar noti na asali. A ramin 8 ana huda 8.3 ko 8.4 kawai, a yanka, a murɗa wayar har ta nutse kaɗan ƙasa da baki, a karye ɗan harshen da ke gindinta a fitar da shi. A Amurka aka ƙirƙiro ta a ƙarshen shekarun 1930, kuma don ciwo iri ɗaya da na dattijon nan: bujin jiragen sama da ake yawan kwancewa daga kan inji na alminiyam. Kamfanin Böllhoff na Jamus ya karɓi lasisin yin ta a 1954. Ramin da aka sa wa waya da kyau yakan fi na asali ƙarfi, domin noti yanzu da ƙarfe yake gogayya, nauyin kuma ya bazu a kan haƙora masu faɗi. Cikas ɗinta shi ne kowane girma da nasa taro na musamman, wanda ba ya yin wani aiki sai wannan. Mai rumfa ba zai iya sayen duka ba, sai ya zaɓi na 6 da na 8 da na buji, sauran ya dogara da dabara. In wayoyin suka ƙare kuwa, sai an aika Damagaram ko Kano.

A nan mai injin sassaƙa ke shigowa. Shi ba ya jiran saƙo daga Kano. Tsohon babban noti zai ɗauka, ya ɗaura a inji, ya huda tsakiyarsa, ya yanka haƙorin asali a ciki, ya yanke daidai zurfin ramin, ga zobe ya samu. Ya fi waya cin bango, amma yana jure yawan kwancewa, shi ya sa ake son sa a ramin buji da na juyen mai. Sai dai a buji aikin na da sharaɗi. Buji ta haƙoransa da mazauninsa yake zubar da zafinsa cikin kan inji. In zoben ya yi sako-sako zafin ba ya wucewa, in ya yi tsawo bakinsa na leƙawa cikin silinda ya yi ja, ya kunna mai kafin lokaci. Ƙarshen wannan shi ne huda fistan. Wasu daga injunan da ake cewa man Najeriya ne ya kashe su, zoben da aka yanka da ido ne.

A mota kuma akwai jarabar yin aikin buji ba tare da sauke kulas ba, domin saukewa na nufin sabon gaskit da yini guda. Ana yi: a cika tsagin taro da giris don ya kama gutsattsarin, a fito da shi a goge bayan kowane zagaye biyu, a tabbatar bawul ba ya kan hanya, a gama a hura iska, a juya inji ba buji don ya fesar da saura. Da alminiyam galibi ana wanyewa lafiya. Harshen wayar nan kuwa in ya faɗa cikin silinda ba a ciro shi ba, zai rubuta sunansa a bangon.

Game da gyaran daji ba ni da bakin zargi. Direban da ramin notin famfon ruwa ya cinye masa tsakanin Fulatari da N'Guelbély, da mata da yara a bayan mota, duk abin da ya yi don ya isa gari daidai ne. Zai tsinke wayar lantarki ya zura 'yan silin jan ƙarfe a ramin ya ɗaure a kansu. Zai nemo noti mai ɗan tsawo ya kamo haƙoran ƙasa da ba a taɓa ba, wanda ma gyara ne na gaske in ramin na da zurfi. In akwai fili a baya zai huda ya zarce ya sa macen noti. Zai kwaɓa gam mai haɗi biyu. Laifin yana farawa ne in an iso gari aka ce ai ya riƙe, a bar shi. Ya ƙara girma in aka shafe wurin da baƙin mai aka kai motar kasuwa.

Manyan notunan kulas su ne jarrabawar ƙarshe. A injuna da yawa na Toyota ba a tsayawa ga awon ƙarfi: a ɗaure zuwa ma'auni, a ɗiga fenti a kan kowane noti, sannan a ƙara kwatan zagaye, wani lokaci sau biyu, har notin ya ɗan miƙe. Gyaran da aka yi da ha'inci a wannan kwatan zagayen yake tona kansa, bayan an riga an sa sabon gaskit. Ba kullum laifin makanike ba ne. Injin 2AZ na Camry da RAV4 na farkon shekarun 2000, mai jikin alminiyam, ya yi suna wajen sakin haƙoran notunan baya, har Toyota da kanta ta fitar da umarnin gyara su da zobe. Ramukan na da zurfi, haƙoran na can ƙasa, hannu kaɗai ba ya iya riƙe saiti, don haka akan yi amfani da farantin ƙarfe mai huji, ko tsohon kulas, a matsayin jagora. Sannan a tsane ramin tas. Mai ko ruwa in ya kwanta a gindin ramin da ba shi da mafita, noti ya sauko a kansa, ba inda zai je sai ya tsaga jikin inji.

Notin salansa ba ya cinyewa, karyewa yake yi, don zafi da tsatsa sun haɗa shi da ramin. A nan sai a kira mai walda ya ɗora mace a kan guntun ya cika tsakiyarta da wuta. Zafin na sassauta tsatsar, macen ta ba sifana wurin kamawa. Abin da kowa ke tsoro shi ne taro ya karye a ciki. Ya fi bakin huji tauri, ba ya huduwa, sai a bi shi da ɗan kurfi ana farfasawa gutsure-gutsure, aikin rabin awa ya koma na kwana biyu. Taro mai arha ya fi yin haka, kuma shi ya fi yawa a kasuwa.

Shekarun baya sun sauya yawan aikin da irinsa. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa, bayan 'yan kwanaki aka kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, aka hana cinikin tattasai da kifi, aka taƙaita sayen mai da taki. Ƙauyukan bakin kogi da yawa suka watse, mutanensu suka kafa bukkoki a gefen kwalta. Masu gyaran babur suka wayi gari ba aiki, injunan ban-ruwa suka kwanta. Da aka ɗage takunkumin tattasai a 2017 aka fara tono su, ga kuma ambaliyar Komadugu ta 2019 da ta 2022 da ta shanye gonaki. Notin ƙarfe in ya daɗe cikin alminiyam da danshi, farar tsatsa na haɗe su, ranar kwancewa ya fito da haƙoran ramin gaba ɗaya. Ga iyaka: Najeriya ta rufe tata daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 har Maris na 2024. Duk rufewa na sa kayan gyara su yi tsada su yi wuyar samu, kulas ɗin da dā za a ce ya gama yawo sai a sake ɗauko shi daga bayan rumfa a ƙidaya ramukansa.

Yaron da aka kawo koyo ba ya taɓa taro da wuri. Wanki zai fara, sai tsince gwangwanin notuna, wanda a ganina shi ne darasi mafi amfani a garaji duka: a haɗa notuna biyu ciki da ciki a ɗaga a rana, in haske bai ratsa tsakanin haƙoransu ba, jinsi ɗaya ne. Sai a koya masa fara noti ta hanyar juya shi baya har ya ji ɗan ƙas, alamar haƙori ya faɗa mazauninsa, sannan gaba da yatsu, zagaye uku ko huɗu kafin sifana ta zo kusa. Yakan yi shekaru yana ɗiga wa maigida kananzir kafin a ba shi tsohon kulas da ya riga ya mutu a ce ya gwada. Tarukan kuwa a aljihun maigida suke kwana, ko a akwati mai kwaɗo, gama in ɗaya ya ɓata ba a Diffa za a maye shi cikin sauƙi ba.

Wajen biya ake jin jiki. Mai inji yana ganin ɗan rami ne da aikin da bai kai awa ba, ya ce me aka yi. Mai gyara yana lissafin kuɗin kulas ɗin da ya hana a saya, da taron da ke dakushewa, da kasadar da ya ɗauka, tun da in abin ya fashe a hannunsa shi za a kama. Sai a yi ta ja, a haɗa da zumunci da rantsuwa, a tsaya a tsakiya. Garanti na baki ne: in ya tofar ka dawo da shi, amma in na ga alamar bututu a sifanarka babu ruwana. Manomin tattasai sau da yawa sai an shanya an sayar yake biya. Na N'Guelbély kuwa, kulas ɗin kan koma a buhun da ya zo, a hannun direban da ya kawo shi, kuɗin su biyo motar kasuwa ta mako mai zuwa, in ba su biyo ta ba, ta makon sama.